Takwarar Ya Kellu

In ana hirar direbobin da suka yi zamani a hanyar Gaya zuwa Kano, kowa masu gudu yake kawowa, waɗanda in suka tako mota kaji ke watsewa tun ba a hango su ba. Ni kuwa wanda zan ba da labarinsa, jaki mai ƙoshin lafiya yana iya yi masa rakiya har ya dawo bai yi haki ba. Sunansa Umara, Babarbaren Ajingi. Ni Bafulatani ne, Bubayero na Kademi, saboda haka in kun ji na taɓa shi kada ku ce na ci naman mamaci. Tsakaninmu da Barebari wasa ne tun kaka da kakanni, shi ma bai taɓa raga mini ba. Ɗan nagge yake ce mini har ya bar duniya.

Kakanninsa daga gabas suka zo da fataucin kanwa, suka ga ƙasar Ajingi tana karɓar gero da gyaɗa, suka sauke kaya ba su sake ɗaurawa ba. Ubansa ya rasu yana ƙarami, uwarsa Ya Kellu ce ta riƙe gidan. Gajeriyar mace ce mai tsaga har haɓa, ga murya, in ta kira yaro a tsakar gida na unguwar gaba ma sai ya amsa. Ranar kasuwar Ajingi takan kafa tukunyar tuwo a gindin tsamiyar da motoci ke tsayawa. Zagi da tuwo tare take zuba su, kuma duk wanda ya zo da yunwa sai ya sami rabonsa na kowanne, ko da kuɗi ko babu. Yaran mota sun fi kowa sanin haka.

Umara ne autanta. Lokacin yaƙin Bama, wanda Turawa suka yi can ƙetaren teku, aka nemi samari, sunansa ya faɗo ciki, ya tafi. A can soja suka koya masa tuƙi. Ya dawo a rame, da akwatin ƙarfe da takalma masu nauyi, kuma ba ya hirar yaƙi ko an tsokane shi. Sau ɗaya tak ya taɓa ce mini wani abu, ranar da na dame shi da tsiyar rashin gudu. Ya ce, "Ɗan nagge, na ga inda gudu ke kai mota. Rami ne mai zurfi, ko ƙarar faɗuwarta ba a ji." Daga haka ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ban sake tambaya ba.

Ya yi wa wani attajirin Kano tuƙi na 'yan shekaru, sannan ya haɗa abin da ya tara da shanun noman da ya gada, ya sayi tsohuwar motar soja a gwanjo. Kafinta ya yi mata bodin katako, aka shafe ta da kore. Zamanin nan ne da ake tara dalar gyaɗa a Kano, Turawa ba su tafi ba tukuna, mai mota kuwa ko ta yi tsufan kunkuru ba ya rasa lodi.

Motoci biyar ne ke jigila a lokacin tsakanin Ajingi da Gaya da Kano, in an haɗa da tasa. Kowace tana da lambar da gwamnati ta buga mata gaba da baya, amma wannan ta ɗan sanda ce, ba wanda ya damu ya haddace ta. Abu biyu mutane suka sani, suna da lambar ƙofa. Sunan mai mota ne ke zaɓa, Gaji mai fenti ya rubuta a allon da ke saman gilashi, boko a sama, ajami a ƙasa. Akwai Tsumagiya ta wani direba Tukur, mutumin Gaya, wanda ya fi kowa ƙafa. Akwai Shaho, akwai Guguwa, akwai Kibiya ta Biyu. Wannan ta biyun da aka ƙara mata saboda Kibiyar farko ta mutu ne, domin in mota ta ƙare, wadda aka saya a madadinta ita ke gadon sunan.

Lambar ƙofa kuwa ba a sayenta, ba a gadonta, da ƙafa ake ɗaukarta. Ranar da aka buɗe cinikin gyaɗa kowace kaka, motocin biyar sukan yi lodi daidai wa daida a Gaya, su tashi bayan sallar asuba. Gaji yakan riga su kwana a Kano da gwangwanin fentinsa, ya zauna a gaban sikelin kanti yana jira. Wadda ta fara tsayawa gabansa ita ce lamba ɗaya, haka har ta biyar, nan take ya shafa wa kowace tata a ƙofa. Lamba ɗaya ke fara lodi kowace ranar kasuwa har shekara ta zagayo, ban da kirarin da ake yi wa direbanta a tasha. Don a yi adalci, mai lambar ƙarshe ake fara sallama, sai ƙarar motarsa ta ɓace a saki mai bi masa, zakaran bara ya tashi bayan kowa.

To, sai ga Umara da sabuwar tsohuwar motarsa ba suna. Mun ba shi shawara iri-iri. Ni Hawainiya na ce ya sa mata, ya ce in bari sai ya sayi saniya tukuna. Ashe yana da abin da ke ransa.

Shi da matarsa Kubura maza kawai Allah ya yi ta ba su, yayyensa ma haka. Duk ranar suna Ya Kellu sai ta yi mita, ta ce an yi wa kowa takwara a garin nan har wanzami, ita ce dai Allah bai nufa ba. Ranar da mota ta kwana bakwai a ƙofar gida, Umara ya sayi rago da goro, ya kira liman da maƙwabta. Liman ya zo yana tsammanin Kubura ce ta sauka bai ji ba. Da aka nuna masa jaririyar, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce shi bai san inda kunnen mota yake ba balle ya yi huɗuba, amma addu'ar kiyayewa ba ta fi ƙarfinsa ba. Aka shafa. Gaji ya hau kan hancin motar da burushi yana jiran a faɗa masa abin da zai rubuta, sai Umara ya tsaya yana sosa ƙeya. A nan ne ya tuna cewa bakinsa ba zai iya furta sunan ba, domin wane ɗan halak ne zai kama sunan uwarsa gatsau a gaban jama'a? Ya jawo ni gefe, ya ce, "Ɗan nagge, faɗa masa sunan Ya." Ni na raɗa wa motar suna, kuma har yau ban ga tukuicin ba.

Ya Kellu ta fito da kaskon turaren wuta ta zagaye motar, ta leƙa ƙarƙashi, ta dafa fitila. Ta ce, "Takwara, kin yi muni. Amma ai ni ma ba don kyau aka aure ni ba." Ranar ba ta zagi kowa ba, har mutane suka fara tambaya ko lafiya.

Kuskuren Umara ke nan, in kuskure ne. Tunda sunan nan ya hau allo, motar ta tashi daga mota a wurinsa. Ba ya yarda a ƙara buhu ɗaya a kan ƙa'ida. Ba ya ɗaukar ɗanyen kirgi saboda wari. Yaron mota ba shi da ikon dukan jikinta in yana so a tsaya, sai dai ya yi kira da baki. In ta kafe a yashin mashigi tsakanin Ajingi da Gaya, ba a cewa a tura, sai dai a ce a taimaka mata. Shi yana kiranta Mai Sunan Ya, Kubura kuwa da yake suruka ce, Mai Babban Suna take cewa, har ta kan ɗan rusuna in za ta wuce ta gabanta da tulu. Gudu kuma, wanda dama ba ya cikin jininsa, yanzu ya sami hujja.

Saboda haka tun shekarar farko biyar ta zauna a ƙofarsa ta miƙe ƙafa. Kowace kaka shi ake fara sallama, kuma kafin a kai Wudil duk sun wuce shi suna danna ham, shi kuma ya ɗaga musu hannu kamar mai yi wa baƙi sallama. Gaji ba ya ma goge tsohuwar lambar, bi kawai yake yi a kanta ta ƙara haske. In an yi masa tsiya sai ya ce biyar ai adadin salloli ce, wa ya isa ya raina ta?

Kada ku ɗauka ya yi asara. Lodinsa na ƙarshe ne, amma fasinjansa nasa ne, suna iya zama tun hantsi suna kallon motoci huɗu na cika suna tafiya. Masu ƙwai, masu tukwane, mata masu juna biyu, tsofaffin da ƙugu ya dama, da ni da ƙoren man shanu na iyalina. A motar Umara kana iya shan fura a ludayi ba ta zube maka a riga ba. Yana tafe yana ɗan waƙe-waƙensa da Barbarci, in ya ga wanda ya sani a gona ya tsaya su gaisa har a tambayi yara. Ban taɓa ganin mutumin da ya gamsu da rabonsa kamarsa ba, kuma gaskiya nakan ji kishin hakan, ni da kullum nake ganin gonar maƙwabci ta fi tawa kore.

Abin da ba mu sani ba shi ne yadda Ya Kellu ta fahimci lambar. Ta taɓa tambayar wani jikanta mene ne wannan zane na ƙofa, ya ce biyar ce. Ta tambayi ta Tukur, aka ce ɗaya. Ita kuwa mai sayar da tuwo ce, ta san biyar ta fi ɗaya ko a wace kasuwa. Shekara da shekaru tana yawo gidajen biki tana cewa takwararta ce babbar motar ƙasar nan, sauran duk ƙannenta ne. Mata suna jin ta, ba mai ƙarfin halin gyara mata.

Sai wata rana a wani biki a Gaya, ta haɗu da Baiwa, uwar Tukur, wadda ita ma bakinta ba ya da linzami. Ya Kellu ta fara abin da ta saba. Baiwa ta bari ta kai aya, sannan ta ce, a gaban mata cike da ɗaki, "Ayya, Kellu, ashe ba a gaya miki ba? Ai daga ɗaya ake farawa. Taki ita ce kurar baya, tun da aka saye ta ba ta taɓa riga ko amalanke ba." Aka yi dariyar da ba a so a yi. Ya Kellu ta ɗauki mayafinta, ba ta tsaya cin abinci ba.

Ina zauren gidansu ran da ta tare Umara, na kawo saƙo ina jira. Muryarta ba ta buƙatar mutum ya shiga ciki.

"Umara, zo nan. Biyar ɗin nan ta jikin takwarata, ta gaba ce ko ta baya?"

"Ta baya ce, Ya."

"Kana ji ina cika baki a gari, ka bar ni? Baiwa ce za ta koya mini ƙidaya a gaban 'ya'yan cikina?"

"Ki yi haƙuri, Ya. Lallaɓa ta nake yi saboda sunan da ke kanta."

"Wa ya ce maka mai sunan lallaɓa ta aka yi? Da kai goye a bayana na tafi Kano a ƙasa da kayan kanwa a ka, na riga maza masu jakuna shiga ƙofar gari. Yau an rubuta sunana a allo ana bin kowa a baya da shi!"

Da ta sake magana muryar ta sauka, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro.

"Idona ya fara hazo, auta. Kafin ya rufe ina so in ga ɗaya a ƙofar nan. Kuma bana da ni za a tafi, in ga abin da kake yi da ƙafar taka."

Ya fito zaure ya zauna kusa da ni. Na ce abin ai mai sauƙi ne, a kira Gaji ya shafa ɗaya na yini guda, a nuna mata, a goge. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nagge, ka taɓa ganin wanda ya yi wa Ya ƙarya ya kwana lafiya?" Na ce to ya je ya roƙi Tukur da sauran su raga masa bana. Ya ce wannan ma ƙaryar ce, ta dai sa riga. Sannan ya faɗi abin da ke cin sa a fili: in ya taka, ga uwarsa a kujera, ga abin da idonsa ya gani a Bama, in bai taka ba, ya mayar da ita abin dariya karo na biyu, kuma wannan karon tana zaune tana kallo. Na tausaya masa ƙwarai, har na manta ban yi masa tsiya ba.

Makonnin da suka rage ya ƙarar da su a ƙarƙashin mota. Ya wanke wannan, ya ɗaure wancan, ya sake taya biyu. Ni dai na san ko an yi wa tsohuwa lalle ba ta komawa budurwa, amma ban faɗa ba.

Ranar tashi, tun kafin a fito masallaci ya shigar da Ya Kellu gaban mota, ba wanda ya lura. Ta naɗe cikin lafaya, ƙamshin turarenta ya kori warin fetur. Ni ina baya a kan buhuna, ciki har da gyaɗata, tare da yaron mota. Aka sallame mu, Umara ya yi bisimilla ya saki.

Wallahi ya taka. A ma'aunin Umara tashi sama muke yi. Katako na kuka, buhuna na tsalle, ni na rungume igiya ina kiran sunayen Allah waɗanda na sani da waɗanda na ji a bakin mutane. Ta tagar gaba ina jiyo ta tana cewa, "Ƙara! Wannan ne gudun? Ƙara!" Amma mota tana da iyakarta. Rana ba ta gama fitowa ba na hango jar ƙura ta taso a bayanmu.

Kibiya ta Biyu ce. Ta matso tana ham, yaronta yana yi mana gwalo daga sama. Hanyar nan ta jar ƙasa ce, wanda ya wuce ka ya binne ka, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ganin hancin motarka, ka isa Kano kamar an tono ka. Direban ya fito gefe ya jera da mu, ya waiwayo don ya yi wa Umara dariyar da ya saba. Sai ya yi ido biyu da Ya Kellu, ta ɗora gwiwar hannu a taga tana tauna goro. Ina kallon fuskarsa daga sama. Dariyar ta tsaya a rabi. Ya cire hula da hannu ɗaya, ya ce, "Ina kwana, Iya?" Ta ce, "Kai kuma ɗan wa?" Kafin ya ba da amsa motarsa ta fara ja da baya, ta koma bayanmu ta bi layi.

Haka Guguwa ta yi. Haka Shaho ya yi, shi har da ɗan rusunawa a kan sitiyari.

Can sai ga Tukur. Ya tarar da motoci uku sun jeru suna tafiyar raƙumi, ya danna ham kamar zai tsaga kunne, ya wuce su ɗaya bayan ɗaya yana zaginsu ta taga. Ya iso gefenmu. Ita ta gane shi tun kafin ya gane ta, ko da hazon idon. Ta leƙo ta ce, "Tukur ɗan Baiwa! Wuce mana, in ka isa!" Ya daɗe a jere da mu, fiye da sauran. Na ga ya dubi hanya a buɗe a gabansa, ya dube ta, ya sake duban hanya. Sannan ya cire hula, ya gaishe ta, Tsumagiya ta koma ta tsaya a bayanmu kamar an ja ta da igiya.

Da a haka aka tafi, wataƙila da ta ɗauka ƙarfin takwararta ne. Amma bayan mun haye gadar Wudil lagireto ya tafasa, tururi ya rufe gilashi, dole Umara ya gangara gefe ya tsaya. Yaron mota ya ruga neman ruwa. Na ce a raina shi ke nan, yanzu kam ba ƙura ba kunya, hanya ce a buɗe, kowa ya wuce abinsa. Sai na ji ƙarar birki a baya har sau huɗu. Tukur ya sauko yana ƙwanƙwasa tayar da ba abin da ya same ta. Direban Shaho ya ɗauki buta ya shiga gona. Na Guguwa ya shimfiɗa buzu ya tayar da sallar walaha, mutumin da farilla ma sai an tuna masa. Ya Kellu ta leƙo ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta mayar da kai ciki.

Haka muka shiga Kano a jere kamar masu kai amarya. Gaji yana zaune gaban sikeli, da ya ga koriyar mota a gaba sai ya miƙe tsaye yana murza ido. 'Yan dako suka bar buhuna suka zo kallo.

Umara ya zagaya ya buɗe mata ƙofa, rigarsa sharkaf da gumi. Ta sauko, ta gyara lafaya, ta ce, "Ku zo nan, 'yan banza." Ƙattin nan huɗu suka zo suka durƙusa a gabanta, hula a hannu.

"Ni kuka mayar abar tausayi? Sadaka na roƙe ku? Na zo a yi tsere, kun yi mini rakiya. Gaji, kada ka kuskura ka taɓa ƙofar nan."

Ba wanda ya ɗaga kai sai Tukur. Ya ce, "Iya, wallahi da niyyar wucewa na zo, ƙafata ce ta ƙi. Ina yaron mota ba ni da rigar kirki, ke kike zuba mini tuwo kina zagina. Yau in binne ki da jar ƙasa, in koma Gaya in kalli wa? Ita kanta wadda ta yi miki gorin, ita za ta fara tsine mini."

Gaji ya yi gyaran murya ya ce ƙa'ida dai ta ce wadda ta fara tsayawa, ba ta faɗi yadda za ta zo ba.

Ta juya wurin ɗanta. "Kai ka roƙe su?"

"Ban roƙe su ba, Ya."

"Ka taka?"

"Na taka har ƙafata ta mutu."

"Na sani. Haƙoran da suka rage mini sun shaida."

Tana juya goro a baki, mu kuma muna jira kamar a gaban alƙali. Can ta ce, "To, a shafa. Amma Gaji, ka yi ta da girma, ka san idon."

Gaji ya goge biyar, ya ja farin fenti tun daga saman ƙofa har ƙasa, ɗaya mai kaurin taɓarya. Ta matso har hancinta ya kusa taɓawa, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Sanda guda ce ashe? A kan wannan kuke neman kashe kanku?" Kowa ya fashe da dariya. Amma ni ina kusa, na ga ta kai gefen lafaya ido, kuma ba ƙura ba ce, domin ranar ko ɗigo ba ta taɓa ta ba. Ni ma daɗi ya kama ni har na rungume Babarbare a bainar jama'a, abin da ban taɓa yi ba.

Satin bai ƙare ba ta sa aka kai ta Gaya takanas, wai za ta gaida Baiwa. Ta sa Umara ya tsayar da motar daidai ƙofar gidan, gefen lambar yana kallon zaure.

Shekarar nan Umara ya sha wuyar girma. Lodin farko na masu sauri ne, 'yan kasuwa masu son su riga kowa, suna tafe suna mita yana tafe yana ba su haƙuri. Mu kuma fasinjansa na asali muka rasa inda za mu sa kanmu, ƙwai ya yi ta fashewa a motocin mutane. Kullum yana lissafin kaka ta zo ya koma gidansa na biyar.

Ya Kellu ba ta ga kakar ba. Ana tsakiyar damina ta kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa. Idon bai kai ga rufewa ba. Ranar jana'iza motoci biyar suka kwana a Ajingi, ba wadda ta yi lodi.

Da lokacin buɗe ciniki ya matso, Umara ya kai motar wurin Gaji a tashar Gaya, ya ce a goge tun yanzu, ya san matsayinsa, lodin ƙarshe ma ya fi masa daɗi. Gaji ya ɗauko tsumma da kananzir. Tukur yana zaune a benci yana shan shayi, ya ajiye kofi ya taso ya riƙe hannun Gaji. Ya ce lodi kam Umara ya yi a inda ya ga dama, amma lambar nan ba tasa ba ce balle ya bayar, kuma mai ita ba ta nan balle a karɓa a hannunta. Sauran direbobi suka ce haka ne. Umara ya shiga mota ya zauna shi kaɗai.

A shekarar Tukur ne ya riga kowa isa sikeli, da tazara mai yawa, Gaji ya shafa wa Tsumagiya biyu. Daga nan har motocin nan suka tsufa aka daina tseren, a kan biyu ake yin sa.

Umara ya koma yadda yake, shi ake fara sallama, kuma kafin Wudil an cim masa. Ina baya a kan buhuna kowace shekara, ina gani. Duk wanda ya iso sai ya fito gefe ya jera da tagar da ba kowa a cikinta, ya sassauta, ya cire hula. Sai ya yi nisa yadda ƙurarsa ba za ta dawo ba, sannan ya taka.